Na fara biɗan Mulkin Allah, me ya sa hatsin gidana yake ƙarewa?

Tambaya: Baba, ni mai bi ne, ina zaune a Maradi da matata da ƴaƴa huɗu. Ina da ɗan shagon sayar da kayan gyaran babur. Tun da aka rufe iyaka a 2023 jarina ya karye, har yau bai miƙe ba. Ba na fashin sujada, ina fitar da zakka, ina azumi. Matiyu 6:33 ta ce mu fara biɗan Mulkin Allah da adalcinsa, za a ƙara mana sauran abubuwa. Ga shi hatsin gida ya kusa ƙarewa, ga kuɗin haya a kaina. Wani mai wa'azi da nake saurare a WhatsApp ya ce in aika masa jika ashirin a matsayin "iri", Allah zai ninka mini sau ɗari. Bangaskiyata ce ta gaza, ko akwai abin da ban gane ba?

Amsa: Ɗana, sannu da ɗawainiya, Allah ya kawo sauƙi. Bari in fara da abin da ba ya jira: kada ka aika jika ashirin ɗin nan. Ka ɗauke su ka shiga kasuwa ka auno hatsi, abin da ya rage ka kai wa mai gidan da kake haya, ko da bai kai rabin abin da yake binka ba. Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti cewa duk wanda bai kula da danginsa ba, balle iyalin gidansa, ya musunci bangaskiya (1 Timoti 5:8). Kuɗin abincin ƴaƴanka ba na caca ba ne, ko da an lulluɓe cacar da sunan Yesu.

Ayoyin da masu irin wannan wa'azi suke yawan jawowa guda biyu ne, kuma duka biyun an fizgo su ne daga mazauninsu. Ta farko ita ce ta irin da ya ba da riɓi ɗari a misalin mai shuka. To, Yesu da bakinsa ya fassara misalin, ya ce irin nan Maganar Allah ce (Luka 8:11), ƙasar kuwa zuciyar mai ji. Babu zancen kuɗi a wurin ko na dala ɗaya. Ta biyun ita ce 2 Korantiyawa 9:6, wadda ta ce mai shuka da ƙwauro zai girbe kaɗan. A nan kam maganar kuɗi ake yi, amma ka zauna ka karanta sura ta 8 da ta 9 gaba ɗayansu. Gudummawa ce Bulus yake tarawa domin matalautan ikilisiyar Urushalima, har ikilisiyoyi suka zaɓi mutumin da zai raka kuɗin don kada wani ya samu abin zargi. Ka ga a halin da kake ciki, kai ne wanda ya kamata a tara wa. Sa'ad da Siman na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus cewa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi. Ba a sayen Allah, kuma duk wanda ya ce maka yana da lambar wayar da ake biyan Allah ta cikinta, aljihunsa yake nufi.

Yanzu mu koma kan ayarka. Akwai abin da na ji a cikin tambayarka da nake so ka dube shi ba tare da ka ji haushi ba. Ka lissafa sujada, zakka da azumi, sannan ka ce ga hatsi yana ƙarewa. Haka mutum yake magana idan ya biya kuɗin kaya ba a kawo masa ba. Ba kai kaɗai ba ne, yawancinmu haka muke karanta ayar nan idan ciki ya ɗaure. Amma da zarar biɗan Allah ya zama hanyar samun buhu, to buhun ne ake biɗa, Allah ya koma dillali. Yesu ya faɗa wa taron da ya bi shi har ƙetaren teku bayan ya ciyar da dubu biyar cewa suna nemansa ne saboda sun ci gurasa sun ƙoshi (Yohanna 6:26). Ya ciyar da su da tausayi, amma bai yarda su mai da shi gidan abinci ba.

Ka buɗe Matiyu 6 ka faro daga aya ta 24. Zancen ya tashi ne daga cewa ba mai iya bauta wa iyayengiji biyu, Allah da dukiya. Daga nan ya shiga maganar damuwa. "Waɗannan abubuwa" da ya ce za a ƙara, ya riga ya ambace su a aya ta 31: me za mu ci, me za mu sha, me za mu sa. Ci, sha, sutura. Babu mota a ciki, babu fili a bakin kwalta. Mutanen da ke zaune gabansa a Galili masunta ne da ƙananan manoma da ƴan ƙwadago da ake biya dinari ɗaya a wuni, ga haraji a kansu. Sun san abin da ake nufi da kwana da yunwa. A cikin surar nan ce kuma ya koya musu su roƙi abincin yini, ya rufe ta da cewa wahalar kowace rana ta ishe ta. Mutumin da ya yi alkawarin arziki ba zai rufe zancensa da haka ba. Abin da ya yi alkawari shi ne Uba wanda ya san bukatarka tun kafin ka buɗe baki, wanda kuma ya ɗauki cinka da suturarka a kansa.

Ma'aunin Allah a wannan fanni na yini ne, kuma nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Ka tuna manna a Fitowa 16, abincin da Allah ya riƙa saukar wa Isra'ilawa a jeji. Kowace safiya mutum ya fita ya tara omer guda ga kowane kai a gidansa, abin da bai wuce lita biyu da ɗan wani abu ba. Wanda ya ɓoye don gobe, ya tashi ya tarar da tsutsa da wari. Ranar shida kaɗai ake tara riɓi biyu saboda Asabar. Shekara arba'in mutane suna kwanciya kwanonsu wayam, su tashi su tarar da abinci. Allah yana da ikon zubo musu na shekara guda a dare ɗaya, bai yi ba, kuma Musa ya faɗi dalili a Maimaitawar Shari'a 8: ya bar su suka ji yunwa, sannan ya ciyar da su, don su san ba da abinci kaɗai mutum yake rayuwa ba. Ka lura, yunwar ma tana cikin karatun. To ka tambayi kanka tsakani da Allah: daga 2023 zuwa yau, kwana nawa tukunya ba ta hau murhu a gidanka ba? Idan amsar ita ce kaɗan ne ko babu, to tanadin yana zuwa, sai dai da tiya yake zuwa, kai kuwa buhu kake jira. Ban raina tashin hankalin mai auna tiya ba. Na san yadda zuciyar magidanci take bugawa idan uwargida ta karkata buhu tana kakkaɓe gindinsa. Amma wannan ba alamar Allah ya juya maka baya ba ce.

Sai kuma hanyar da tanadin yake biyowa. Mu mun fi son labarin hankaki da suka kai wa Iliya gurasa da nama a rafin Kerit, mu manta cewa rafin ya ƙafe, Allah ya tashe shi ya tura shi Zarefat wurin gwauruwar da ba ta da komai sai ɗan gari a tukunya da ɗan mai a tulu. Manna ma ta daina sauka washegarin ranar da Isra'ilawa suka ci amfanin ƙasar Kan'ana (Joshuwa 5:12). Daga nan sai garma da lauje. A mafi yawan shafukan Littafi Mai Tsarki, Allah yana ciyar da mutanensa ne ta gumin goshinsu da hannun ƴan'uwansu. Rut ta yi kala a gonar Bo'aza tun safe har yamma. Bulus, wanda ya ga wahayi iri iri, ya zauna gidan Akila da Bilkisu a Koranti yana ɗinkin tanti, shi ne kuma ya ce wanda ya ƙi aiki kada a ba shi abinci. Hausawa suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ba aya ba ce, amma ba ta yi nisa da koyarwar ba. Yin tanadi don gobe ma ba rashin bangaskiya ba ne: Yusufu ya sa aka riƙa ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar shekara bakwai, da shi aka tsira. Abin da Yesu ya hana shi ne damuwar da take cin zuciya har ta kori Allah daga cikinta. Rumbu bai hana ba.

Mu nan Maradi muna da shaida a ƙofar gidanmu. Wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Nijar a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin wata ƙungiyar mishan ta Kirista mai suna SIM, aikinsa dashen itatuwa a ƙauyukan yankin nan. Dashen ya yi ta mutuwa, rana ta ƙona, iska ta binne, awaki su cinye. A 1983, yana kan hanya da ƴan itatuwa a motarsa, ya tsaya rage iskar taya saboda yashi. Ya sha ba da labarin cewa a wurin ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro irin wanda manoma suke sassabewa kowace bazara. Da ya duba ganyen, ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare tuntuni, saiwarsa tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka samu abin da muke kira sassabin zamani: ka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a kututture ka bar su, ka datse sauran, ka kare su. Da farko an yi wa masu yinsa dariya, ana ganin gonarsu ƙazama ce. Yunwar 1984, wadda mutane suka sa wa suna El-Buhari, ita ta sa abin ya bazu, domin an haɗa shi da aikin da ake biya da cimaka. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma a 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Amsar addu'ar nan ba daga sama ta faɗo ba. Tana binne a gona shekara da shekaru ana taka ta, kuma sai da manoma, yawancinsu maƙwabtanmu Musulmi, suka sa hannu da adda kafin ta zama itacen girki da abincin dabba da inuwa. Allah yana saukar da ruwansa a kan kowa. Shi ya sa idan ka roƙi tanadi, ka haɗa da roƙon ido. Kai da ka shekara da shekaru kana sayar da kayan babur, ka san ciwon injin tun daga ƙararsa, ka san ƴan kabu-kabun unguwarku ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma jari ne, kuma rufe iyaka bai taɓa shi ba.

To, mene ne fara biɗan Mulkin da adalcinsa ga mai shago? Sujada da azumi suna ciki, kada ka bari. Amma inda ake gane abin da mutum ya sa a gaba shi ne wurin da biyun suka yi karo. Ɗan kabu-kabu ya shigo a gurguje yana neman bujin babur, kana da na jabu a kwali mai kama da na asali, shi bai iya bambancewa ba, kai kuma ka san ribar da ke tsakani za ta sayi tiya biyu ta daren nan. A wannan minti ɗin ake amsa Matiyu 6:33. Ka ce masa ga na jabu ga kuɗinsa, ga na asali ga kuɗinsa, ya zaɓa. Wani lokaci gaskiyar nan takan jawo maka masu ciniki, wani lokaci kuwa asara ce tsagwaronta, ba zan yi maka ƙarya ba. Mai dogara ga Allah shi ne wanda ya iya ɗaukar wannan asara, domin ya yarda cewa cin gidansa ba a kan yaudarar nan ya rataya ba. Wanda yake azumin kwana uku amma awonsa biyu ne, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, bai fara biɗan komai ba tukuna.

Akwai wuri mai wuya a wannan magana, kuma ba zan tsallake shi ba. Masu bi na gaskiya sukan ji yunwa. Bulus ya lissafa yunwa da ƙishirwa da sanyi da rashin sutura cikin abubuwan da ya sha (2 Korantiyawa 11:27). Ayar nan da muke so, cewa Allah zai biya dukan bukatunku bisa ga yalwarsa, daga kurkuku ya rubuta ta, a wasiƙar da yake cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, yana kuma gode wa Filibiyawa saboda saƙon da suka aiko masa ta hannun Abafaroditus. A 2005, bayan fari da farin ɗango na shekarar da ta gabata, na ga mata masu tsoron Allah a ƙauyukanmu suna jiƙa anza kwana da kwanaki, suna sauya ruwa don ɗacin ya fita, su dafa wa yara. Wanda ya ce wa irin waɗannan mata bangaskiyarsu ce ta gaza, ya zauna a layin abokan Ayuba, waɗanda suka ɗora masa laifin wahalarsa, kuma mun san Allah bai ji daɗin maganarsu ba. Abin da ya fi ciwo a shekarar nan shi ne hatsi yana nan a kasuwa, tsadarsa ce ta fi ƙarfin talaka. Karin Magana 11:26 ta ce mutane sukan la'anci mai ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan mai sayar da shi.

Nan ne nake ganin mu ikilisiya muka fi sakaci. Yesu taro yake yi wa magana, jama'ar da za ta biɗi Mulkin tare. Inda aka biɗe shi da gaske, sai ka karanta cewa babu mai rashi a cikinsu (Ayyukan Manzanni 4:34). Da Agabus ya yi annabcin yunwar da ta auku a zamanin Kalaudiyas, sarkin Roma, masu bi na Antakiya ba su ce wa ƴan'uwansu na Yahudiya su ƙara bangaskiya ba, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa aka aika ta hannun Barnaba da Shawulu, wato Bulus. Bulus ma da yake roƙon Korantiyawa, ayar manna ya jawo: wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba. Idan ɗan'uwa ya kwana da yunwa a majami'ar da wani yake da buhu talatin a ɗaki yana jiran farashi ya hau a tsakiyar damina, alkawarin Allah bai faɗi ba, an tare shi ne a hanya. Yakubu ya faɗa ƙarara: ka ce wa mai yunwa ya sauka lafiya, ya ci ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, ina amfaninsa?

Saboda haka kada kunya ta hana ka magana. Na san mu, magidanci ya gwammace ya sha ruwa ya ɗaura babbar riga ya fito yana murmushi da a ce ya roƙa. Amma ɓoye bukata ga ƴan'uwa girman kai ne, ba dogara ba. Fara da matarka. Ka zaunar da ita ka gaya mata ainihin abin da ya rage a shago da abin da ake binka, domin ta riga ta gani a fuskarka, rashin sanin iyakarsa ne yake ƙara mata tsoro. Idan tana cikin zumuntar mata ko wani asusu, ku duba abin da za ta iya juyawa. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta faro a yankin nan a 1991 kuma ya bazu ƙasashe da dama, da ƴan kuɗin da mata suke zubawa mako mako ya ɗaga gidaje da yawa. Mai gidan haya kuwa ka je masa da ƙafarka kafin ya aiko, ka faɗa masa abin da za ka iya da lokacin da za ka iya, ka kuma cika. Ka guji bashin ruwa da irin na a ci ba daɗi, wanda ake ba ka kaɗan yanzu a karɓe amfanin gonarka da kaka.

Game da zakka, ga ra'ayina. Ana fitar da ita daga abin da aka samu, ba daga uwar jari ba, kuma ba a cin bashi don a fitar da ita. Bulus ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba (2 Korantiyawa 8:12). A Shari'ar Musa ma, zakkar shekara ta uku a gari ake tara ta domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Ka ci gaba da bayarwa daga ɗan abin da ya shigo, da sakin zuciya, domin hannun da ya saba rufewa a lokacin tsanani da wuya ya buɗe a lokacin yalwa. Amma ka cire wa ranka cewa kuɗin shiga layi ne.

Addu'arka kuma ka sauƙaƙa ta. Ka kira bukatar da sunanta: hatsi, haya, kuɗin lakkwal na yara. In zuciyarka ta cika, ka faɗa masa haka nan, Zabura ta 13 da "har yaushe" ta fara, ba a kuma cire ta daga Littafin ba. Addu'ar Agur a Karin Magana 30 ta dace da ɗan kasuwa: kada a ba shi talauci ko dukiya, a ba shi abincin da ya ishe shi, don kada ya ƙoshi ya ce wane ne Ubangiji, ko ya talauce ya yi sata. Ka rage sauraron saƙonnin da suke sa ka raina abin da ke hannunka, ka mai da lokacin kan karanta Matiyu 5 zuwa 7 tare da iyalinka da dare, kaɗan kaɗan.

Lahadin nan bayan an tashi daga sujada, ka tsaya ka ga fasto da ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya. Ka je da littafin shagonka, ko da rubutun bai da tsari: kayan da suka rage, waɗanda suka daɗe ba su motsa ba, bashin da kake bin mutane da wanda ake binka. Ka roƙe su su haɗa ka da wani ɗan kasuwa mai gaskiya da ya fi ka daɗewa a harkar, ku duba tare ko ya kamata ka karyar da kayan da suka kwanta ka sayo waɗanda ake nema kullum, ko ka ajiye makaniki a ƙofar shagon kuna raba kuɗin gyara. In akwai wanda zai ranta maka buhu guda ba ruwa har kaka, ka karɓa, ku rubuta ranar biya a gaban shaida.